Tsirara, rabin riga ko kwanso: wanne za ka gina wa ƙaramin inji don tseren Bonneville?

A shekarar 1956, a kan dandamalin gishiri na Bonneville da ke jihar Utah a Amurka, wani Bajamushe mai suna H.P. Müller ya kwanta rigingine cikin wani abu mai kama da kwalekwalen da aka yi wa murfi, ya falla gudun kilomita 196 a awa. Injin da ke bayan ƙeyarsa mai cc 50 ne, kusan rabin na Boxer ɗin da ɗan acaɓa ke kai ka kasuwa. Da aka sa masa mai cc 125 sai ya kai 242. Kamfanin NSU ne ya ƙera babur ɗin bisa zanen Gustav Adolf Baumm, mutumin da ya gane cewa mai ƙaramin inji ba shi da abokin faɗa sai iska, ita kuwa iska da zamiya ake cin ta.

Duk mai injin walda da ɗan fili a gareji, in ya ji wannan labari sai ransa ya biya. Amma tun kafin a yanka bututu ko ɗaya akwai mararraba mai hanya uku. Ko dai ka bar babur ɗin tsirara, ka gyara inji da wurin zama kawai. Ko ka yi masa rabin riga, wadda ke rufe gaba da baya ta bar mahayi a waje. Ko kuma ka shige cikin cikakken kwanso, a rufe ka ruf kamar su Müller. Ni dai ra'ayina ya karkata ga ta tsakiya ga yawancin mutane, kuma zan faɗi dalili.

Abin da za a auna

Na farko gudu, wato nawa siffar jikin babur ke ƙara maka. Na biyu kuɗi, har da na kayan kariya da na jigila, don nan ne lissafi ke ɓace wa mutane. Na uku juriya, domin gishiri ba ya barin ƙarfe ya zauna lafiya. Na huɗu sauƙin gini da na tuƙi. Na biyar haɗari.

Akwai kuma na shida, wanda ya fi su duka rashin daɗi: littafin doka. Ƙungiyar SCTA ta Kalifoniya, wadda ke shirya babban makon tsere na watan Agusta a Bonneville tun 1949, ta kasa babura gida-gida. Girman inji na da gidajensa: cc 50, 100, 125, 175, 250, haka har sama. Jiki na da nasa: M ga babur ɗin kanti da aka gyara, A ga wanda aka gina daga tushe, MPS da APS ga masu rabin riga, S ga mai kwanso. Sannan a duba ko fetur zalla kake sha ko wani mai daban irin su metanol, ko kuma ka sa turbo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska. Kowane haɗi na da tarihinsa, wato gudu mafi girma da aka taɓa kafawa a cikinsa, kuma wani tarihin ya yi nisa har ba ya kamuwa, wani kuwa yana nan kusa da ƙasa saboda ba a cika shiga gidan ba. Sayi littafin dokar shekarar da za ka je, ka zaɓi gida, sannan ka kunna injin walda. Wanda ya gama gini kafin ya karanta doka, a layin masu duba babura yake gane kurensa.

Lissafin iska

Ƙarfin da ake buƙata don keta iska ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. In kana so ka ninka gudu biyu, sai ka ninka ƙarfi takwas. In ka yi ta fama har ka ninka ƙarfin injinka biyu, abin da za ka samu a gudu bai wuce kashi 26 cikin ɗari ba. Ƙarin kashi 10 na gudu yana cin ƙarin kashi 33 na ƙarfi. To rage jan iska da rabi daidai yake da ninka ƙarfin inji biyu, kuma faiba, wadda ake yin rigar babur da ita, ta fi fistin araha.

Ga misali na kan takarda, da ƙiyasin da na ɗauka don a ga bambanci kawai. A gudun kilomita 160 a awa, cikin iskar Bonneville, babur tsirara da mahayinsa kwance kan tanki zai nemi ƙarfin doki wajen 18 don iska kaɗai. Mai rabin riga mai kyau, wajen 12. Siririn kwanso, wajen 4. Sai ka ƙara abin da taya ke ɓatarwa a kan gishiri, wanda ya fi na kwalta yawa, da abin da sarƙa ke ci.

Wurin kuma tudu ne, wajen mita 1,280 sama da teku, ya ɗan ɗara Jos. Direban da ya saba hawa Jos da kaya ya san yadda mota ke sanyi. Injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 3 na ƙarfinsa a kowane hawan mita 300, da rana tsaka kuma abin ya fi haka. Siririyar iskar tana rage ja, gaskiya ne, amma da hannu ɗaya take ba ka, ta karɓe da ɗayan.

Tsirara

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Ka sami babur, ka sauke kansa ƙasa, ka mayar da matakan ƙafa baya, ka ƙara tsawon hannun tayar baya, ka canza faifan sarƙa don giya ta yi tsawo. Shi ya fi araha nesa ba kusa ba. Kayan kariyarsa sanannu ne: rigar fata, hular kwano mai shaidar inganci, takalma da safar hannu na fata, igiyar da ke kashe inji in ka faɗi, abin hana kan babur rawa, murfin sarƙa, da wayar da ake ɗaure notuna da ita. Yana shiga bayan a-kori-kura, mutum biyu sun ishe shi.

Wajen juriya, gishiri yana shiga ko'ina, amma ko'ina ruwa na kaiwa lokacin wanki. Tuƙinsa tuƙin babur ne da ka riga ka iya. Aibinsa ɗaya, yana cin karo da bango da wuri. Jikinka shi ne rigar, kuma jikin ɗan Adam ba a yi shi don keta iska ba. Gwiwar hannu ta ɗan buɗe, allurar gudu ta sauka. Mai ƙiba da faɗin kafaɗa ya riga ya sha kaye a hannun siririn yaro tun ba a tayar da inji ba.

Rabin riga

A nan ne sana'a take. Dokar SCTA ta ce dole a iya ganin mahayi daga gefe da kuma daga sama, ban da hannuwansa, kuma akwai iyaka kan yadda riga za ta wuce taya ta gaba da ta baya. Cikin wannan shinge kana da 'yancin yin abin da ka ga dama.

Masu farawa sukan zuba ƙoƙarinsu duka a hanci, su yi masa tsini kamar mashi. A irin wannan gudun kuwa hanci mai ɗan kumburi ya wadatar. Ɓarnar a baya take, inda iska ke rabuwa da gadon bayan mahayi ta bar rami mai tsotsa. Wutsiya mai tsukewa a hankali, wadda ta haɗu da ƙugun mahayi ba tare da gibi ba, ita ke kawo gudu. Shi ya sa ake zaunar da mutum kan firam da rigar fatarsa da hularsa, a ɗauki hotonsa ta gaba da ta gefe, sannan a zana riga a kansa. Rigar mutum ɗaya ce, kamar ɗinkin tela.

Bari in ba ka labarin asarar da na yi, ko ka tsira daga irinta. Na kwashe kwana tara ina sassaƙa siffar wutsiya da farin soson nan mai ƙwaya-ƙwaya da ke zuwa cikin kwalin firji. Na goge shi da takardar yashi har hannu na zamewa a kai, gareji ya yi fari fat kamar an zazzage buhun gari. Ranar shafa faiba na haɗa ruwan da masu gyaran bamba ke amfani da shi, mai warin nan da ke hawa kai, na shimfiɗa ƙyalle, na shafa burushi na farko. Kafin in sake tsoma burushin sai na ga ƙyallen yana nutsewa. Soson na narkewa a ƙarƙashinsa kamar an zuba wa sukari shayi. Cikin 'yan mintuna aikin kwana tara ya koma wani abu mai yauƙi a kan benci. Ruwan faiba na foliyesta yana cinye irin wannan soso. Ko dai ka yi amfani da ruwan efoksi, wanda ya fi tsada, ko soson foliyuretan mai launin ƙasa-ƙasa, ko ka lulluɓe farin soson da salatif da filasta tukuna.

Kuɗin rabin riga matsakaici ne, kuma mafi yawansa lokacinka ne da ƙaiƙayin faiba a jiki. Kayan kariya kusan iri ɗaya ne da na tsirara, wannan kuwa babban sauƙi ne. Faiba ba ta tsatsa, amma maɗauranta na tsagewa saboda girgiza, gishiri kuma na taruwa a lungunan da ido ba ya gani. Haɗarinta iskar gefe ce. Faffaɗan gefe tamkar filafilan jirgin ruwa yake, in kuma faɗin ya fi yawa a gaban tsakiyar nauyin babur, iska kaɗan za ta juya maka kai. A bar faɗin a baya, nauyi a gaba, kamar kibiya.

Mai son taƙaita wahala na iya neman tsohon babur ɗin tsere irin Honda RS125R ko Yamaha TZ125. Sun zo da rigarsu, da inji mai ƙarfin doki sama da 40, da nauyin da bai fi kilo 70 da 'yan kai ba. Sai dai an daina ƙera su, kayan gyaransu kuma sun yi wuya.

Kwanso

Duk manyan lambobin nan nasa ne. Bayan NSU, Rudolf Kunz ya kai kilomita 210 a awa da babur ɗin Kreidler mai cc 50 a Bonneville a 1965. Henk van Kessel ya kai 221 a kan babbar hanya a Holan a 1977, Jan Huberts ya kai 224 a 1981, sannan John Buddenbaum na Amurka ya kai wajen 233 a 2008 da kwanson Buddfab mai turbo. Duba da kyau: shekara 52 na ci gaban inji da ƙarfe da taya, abin da aka ƙara kan na Müller kilomita 37 ne kacal. Siffar jiki ta riga ta cinye rabo mafi tsoka tun farko.

To amma sunan babur kawai ya rage masa. Da zarar an rufe mutum a ciki, doka ta ɗauke shi kamar direban motar tsere. Sai an yi kejin ƙarfe da bututu mai kaurin da littafi ya faɗa, da bel mai ɗaure kafaɗa da ƙugu, da maɗaurin hannu, da rigar da wuta ba ta ci, da tukunyar kashe gobara, da bango tsakanin mahayi da inji, da lemar birki mai buɗewa a baya ta rage gudu. Masu dubawa za su sa ka shiga da cikakkun kayanka, a rufe, ka nuna musu za ka iya fita da kanka. Iya ruwa fidda kai. Waɗannan kaya ba ruwansu da girman inji, mai cc 50 na biyan kusan abin da mai babban inji ke biya, kuma sau da yawa kuɗinsu ya fi na injin kansa.

Ga zafi. Inji a rufe ba ya samun iska, kuma duk ramin da ka huda don ta shiga gudu yake ci. Shi ya sa da yawa ba sa sa lagireto, sai tankin ruwa mai isar gudu ɗaya, a juye a sake cikawa. Hayaƙin salansa da tururin fetur kuma kada su sami hanyar zuwa hancin mahayi.

Sai tuƙi, wanda ya fi komai karya gwiwa. A babur na yau da kullum jikinka na gyara daidaito ba tare da ka sani ba. A kwanso an ɗaure ka tamau, ba ka da ƙafar sa wa ƙasa, kana kallon duniya ta ƙaramin gilashi tsakanin gwiwoyinka, sitiyarin kuma ɗan juyi kaɗan yake yi. Abu gajere ya fi dogo saurin faɗuwa: gwada tsayar da fensir a tafin hannu, sannan ka gwada da doguwar sanda. Haka kwanso yake, yana kifewa kafin ka yi tunani. Ana tashi ne a kan wasu 'yan ƙafafu biyu na gefe, a turo ka ko a jawo ka da mota, in gudu ya kama ka janye su ciki, in za ka tsaya ka sake fito da su. Kusan kowa sai ya sha faɗuwa a ƙaramin gudu kafin hannunsa ya faɗa. Saboda haka kana buƙatar doguwar shimfiɗa da aka rufe, wadda ba mota ba dabba, inda za ka koya. Titin jama'a ba ya cikin lissafi ko da asuba ce.

Wani abin mamaki shi ne, in an gina shi bisa doka, mai faɗuwa cikin keji a ɗaure ya fi wanda ya mirgina kan gishiri da rigar fata kariya. Abin tsoron wuta ce da maƙalewar murfi. Akwai kuma wata dabara: a ƙara taya ta uku a gefe a shiga gidan SCS. Matsalar daidaito ta kau, an biya da ɗan ƙarin jan iska da babur mai son karkata gefe ɗaya.

| | Tsirara | Rabin riga | Kwanso |
|---|---|---|---|
| Gudu da inji iri ɗaya | mafi ƙasa | ƙari mai kyau | mafi sama da nisa |
| Kuɗi | kaɗan | matsakaici | mai yawa, rabi na kayan kariya |
| Lokacin gini | watanni | kusan shekara | shekaru |
| Gishiri | wanki mai sauƙi | yana ɓuya a lungu | sai an kwance jiki duka |
| Tuƙi | wanda ka sani | wanda ka sani, ban da iskar gefe | sabon koyo |
| Babban haɗari | faɗuwa a fili | iskar gefe | wuta, kifewa, maƙalewa |
| Mataimaka | ɗaya | ɗaya ko biyu | uku zuwa sama, da tirela |

Maganar inji a taƙaice

Inji mai bugu biyu, irin mai hayaƙin nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, shi ke ba da ƙarfi mafi yawa a ƙaramin girma. A gidan cc 50 ana yawan amfani da Minarelli AM6 na Aprilia RS50 ko injin Derbi, a 125 kuma na tsere ko na baburan tsallake tudu irin YZ125. Halinsa ne matsala. An yi shi don a murɗa totur a saki, a Bonneville kuwa za ka riƙe shi a ƙure na tsawon kilomitoci. Fistin ya yi zafi ya kama silinda, tayar baya ta tsaya cak. Shi ya sa yatsu biyu ba sa barin kuloci.

Akwai tarko biyu da suka fi kama baƙi. A tsarin SCTA, in ka wuce tarihi yau, ana tsare babur ɗin a killace, ka maimaita gobe da sassafe, a ɗauki matsakaicin biyun. Kafireton da ka saita wa iskar rana mai zafi zai yi ƙarancin mai a iskar safiya mai sanyi da kauri, nan inji ke ƙonewa. Na biyu, in ka ƙetare layin ƙarshe ka saki totur gaba ɗaya alhali inji na juyi da ƙarfi, ka yanke masa baƙin mai kenan. Kama kuloci tukuna. Hukumar tseren babura ta duniya, FIM, nata tsarin daban: zuwa da dawowa cikin awa biyu.

Mai bugu huɗu, irin Honda Grom mai ƙarfin doki wajen 10, ba shi da wannan rigima, ba shi kuma da wannan ƙarfi. Amma ga wata ƙofa: akwai gida na musamman ga injinan da sanda ke tura bawul ɗinsu, kuma injin CG125, wanda kowane bakanike a ƙasar Hausa zai kwance ya ɗaura ido rufe, irinsu ne. A can ba za ka kara da masu doki 40 ba.

Wanne naka?

In ba ka taɓa taka gishiri ba, ko kuɗin tafiya ɗaya kawai gare ka, tafi da tsirara. Za ka koyi layi da saitin kafireto da yadda taya ke zamewa, ka kuma fara hawa matakan lasisin tseren. Ka shafa man kare rana har ƙarƙashin haɓa da cikin hanci, don hasken daga ƙasa yake dukan mutum. Ka fesa wa babur mai kafin ka shiga, ka wanke shi ranar da ka fito, musamman mahaɗan waya.

In kana da hannun sana'a, kana aiki kai kaɗai ko da aboki ɗaya, kana kuma son tarihin da zai yiwu cikin shekara biyu, gina mai rabin riga a gidan APS. Shi ya fi biyan wahala, kuma firam ɗin zai ba ka gida biyu: cire rigar ka shiga gidan A a mako guda. Shi ya fi dacewa da tseren busasshen tafkin El Mirage na Kalifoniya ma, inda filin mil 1.3 ne kawai, wajen kilomita 2, wanda ba ya isar ƙaramin kwanso mai doguwar giya ya kai ƙarshen gudunsa.

In kuwa ɗalibai ne na sashen injiniya, ko ƙungiya mai mutum huɗu da wurin gwaji da haƙurin shekaru, kuma burin shi ne lambar da ta wuce 200 da inji kamar kofin shayi, to kwanso ne, ba makawa. Wanda ke son kwanso amma ba shi da filin koyon daidaito ya duba mai taya uku.

Kowanne ka zaɓa, ka sa a lissafi cewa filin kansa ba shi da tabbas. An soke makon tseren Agusta a 2014 da 2015 da 2022 saboda ruwa da lalacewar gishiri. Mai shigo da babur daga wata ƙasa cikin akwati ya sayi tikitin da ake iya ɗagawa, ya kuma riƙe ranakun taron Satumba na Bonneville da na busasshen tafkin gishiri na Gairdner a Ostireliya a aljihu.